Kazar dai kaza ce: me ake biya a manyan gidajen abinci?

Abban Khalil:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ga wata magana da nake so masana su warware mana. Farantin shinkafa da kaza a gidan abinci na a-ci-a-tashi kuɗinsa daban, a babban gida mai labule da fitilu kuma sai ya ninka huɗu ko biyar. Kazar dai kaza ce. Shin akwai abin kirki da ake saye da wannan ƙarin, ko kujera da sanyin na'ura kawai ake sayar mana? Sannan wanne ne ya fi aminci ga ciki?

Malam Akanta:
Wa alaikumus salam Abban Khalil. Bari mu fara daga lissafi. A harkar nan, kayan da ke cikin faranti ba su cika wuce kashi 28 zuwa 35 cikin 100 na farashin da ke kan takardar jerin abinci ba. Albashin ma'aikata na cin wajen wani kashi 30. Abin da ya rage shi ne haya, wuta, gas, ruwa, tangaran da ke fashewa, wankin ƙyallen tebur, da abincin da ya lalace ba a sayar ba. Ribar da mai gida ke tashi da ita ba ta cika kai kashi 10 ba.

Bambancin yana wajen yawan hannaye da tsawon zama. A ƙaramin gida tebur ɗaya zai iya karɓar mutane rukuni biyar ko shida a yini, kowa ya ci cikin rabin awa ya ba da wuri. A babban gida tebur ɗaya sau ɗaya ko biyu yake juyawa a dare, domin ana zama awa biyu zuwa uku. Hayar wannan tebur kenan tana kan mutum biyu ko huɗu kacal. Ka ƙara da cewa sabis ɗaya, wato mai hidimar baƙi a tebur, a ƙaramin gida yana riƙe tebur takwas ko goma, a babba kuwa uku ko huɗu, ga kuma mai ɗauko abinci daban, mai zuba ruwa daban. To lallai kana biyan kujera, amma lokacin kujerar kake biya, ba katakonta ba.

Baba Kuku:
Akanta ya yi gaskiya, amma ban yarda kaza kaza ce ba. A kicin na sosai romon da ake haɗa miya da shi daga ƙashi ake dafa shi. Na kaza awa 3 zuwa 4, na ƙashin saniya awa 8 ko fiye, a kan wuta mai laushi, ana yaye kumfa. Daga nan a tace, a sake mayar da shi wuta har lita 10 ta koma lita 1. Cokali biyun da ake zuba maka a gefen nama aikin yini guda ne. Ƙaramin gida ba zai iya wannan ba, dunƙule da garin ɗanɗano zai sa, kuma babu laifi tunda farashinsa bai yi maka alkawarin wani abu ba.

Abu na biyu shi ne rabon aiki. Tsarin da shahararren kukun Faransa Auguste Escoffier ya shimfiɗa a ƙarshen ƙarni na 19 shi ake bi har yau: mai miya daban, mai kifi daban, mai gashi daban, mai kayan zaƙi daban, sannan mutum ɗaya a bakin kanta yana duba kowane faranti kafin ya fita. Amfaninsa shi ne abincin mutum shida ya iso lokaci ɗaya, kowanne da zafinsa, alhali kifi minti 6 yake so, nama kuma 15. Wannan daidaiton shi ne mafi wuya a sana'ar, shi ne kuma wanda mai ci ba ya gani sai ranar da ya ɓaci.

Duba-gari:
Ni tambaya ta biyu ce tawa. Tsada ba ta kashe ƙwayar cuta. Abin da ke kashe ta zafi ne, abin da ke hana ta yaɗuwa kuma sanyi da wanke hannu. Tsakanin digiri 5 zuwa 60 a ma'aunin Salsiyos ƙwayoyi ke hayayyafa, wasu suna ninka kansu duk minti 20. Dafaffen abincin da ke jiran mai saye dole ya zauna sama da 60, a Ingila ma doka 63 ta ce. Na sanyi kuma 5 ko ƙasa.

Sau da yawa ƙaramin gida mai cunkoso ya fi aminci, domin tukunya ba ta jimawa take ƙarewa. Babban gida kuma ya fi yawan abubuwan haɗari a takardarsa: ɗanyen kifi, kawa ta teku, miyar da aka kaɗa da ɗanyen ƙwai, naman da ba a ƙarasa gasawa ba. Idan sun ƙware lafiya lau, idan sun yi sake ciwonsu ya fi muni. Wanda na fi jin tsoro shi ne na tsakiya: gida mai ƙyale-ƙyale, takarda mai shafi takwas, amma tebur uku ne da mutane ƙarfe takwas na dare.

Ummu Hanan:
Malam Duba-gari, me ya haɗa yawan shafi da ciwon ciki? Ni a ganina yawan zaɓi alamar gida ya isa ne.

Hajiya Mai Girki:
Ƙanwata, bari in amsa masa. Ki ɗauka takarda na da abinci 120, masu shigowa kuma 60 ne a yini. Akwai abincin da zai yi kwana huɗu ba wanda ya nema. Kayansa suna ina? Ko dai suna firiza, ko suna firji suna tsufa, ko kuma an dafa tuntuni ana jiran a ɗumama. Kicin ɗin da ke da kuku uku ba zai iya dafa abu 120 sabo ba, ko aljanu ne.

Ki karanta takardar da idon mai cefane. Idan kin ga kaza ta fito a wuri takwas, to kaza na tafiya, sabuwa ce. Idan kin ga jatan lande a wuri ɗaya tak a can ƙasan shafi na shida, ki bar shi. Gidan da ya san kansa ba ya wuce abu 20 zuwa 30, kuma ba ya jin kunyar cewa wani abu ya ƙare. Kalmar "ya ƙare" ma shaida ce mai kyau.

Shi kuma abin da suke kira na musamman na yau iri biyu ne. Wani lokaci kuku ya samu kaya mai kyau ne a kasuwa, wani lokaci kuma so yake ya rabu da abin da ya kusa juyawa. Ki duba yadda aka dafa: gasasshen kifi da lemun tsami da gishiri kawai ba ya ɓoye komai, amma kifin da aka yayyanka aka nutsar cikin miya mai yaji da kirim zai iya ɓoye kwana uku.

Duba-gari:
Hajiya ta gama magana. Bari in ƙara batun bufe, inda ake jera abinci kowa ya ɗiba, domin nan ne aka fi samun matsala. Ɗan kwanon wutar da ke ƙarƙashin tire ba ya dafa komai, riƙe zafi kawai yake yi, shi ma sai akwai ruwa a ƙasan tiren kuma murfi na rufe. Ka buɗe murfi: in tururi bai tashi ba, wuce. Ka kuma lura da yadda suke ƙari. Ƙa'ida ita ce a ɗauke tsohon tire a kawo sabo. In ka ga ana juye sabon abinci a kan ragowar tsoho, to na ƙasan nan zai iya kaiwa awa huɗu ko biyar a wurin.

Shinkafa ita mutane suka raina, ita ce kuma mai ba da mamaki. Akwai ƙwaya mai suna Bacillus cereus wadda irinta ke tsira daga dahuwa. Idan aka bar shinkafa ta huce a hankali cikin babbar tukunya, sai ta farfaɗo ta saki guba, gubar kuma ɗumame ba ya karya ta. Amai yakan zo cikin awa 1 zuwa 5. Kicin na gari yana baza shinkafa a faffaɗan tire mara zurfi, ta sauka zuwa digiri 21 cikin awa 2, sannan zuwa 5 cikin ƙarin awa 4. Wannan ba ruwansa da tsadar gida, tarbiyyar kicin ce.

Abban Khalil:
To mu da ba a barinmu shiga kicin, ta ina za mu gane? Na ji ana cewa a duba banɗaki.

Duba-gari:
Banɗaki rabin shaida ne. Mai datti yana nuna sakaci, amma mai ƙyalli ba ya wanke kicin, tunda mai shara daban ne. Abin dubawa a ciki shi ne sabulu da ruwa da abin goge hannu. Ƙwayar cutar Norobairos, wadda ke kan gaba wajen haddasa amai da gudawa daga gidajen abinci, ta hannun ma'aikaci mara lafiya take zuwa, kuma man goge hannu na sanitaiza ba ya yi mata sosai, sai sabulu da ruwa na daƙiƙa 20. Ka duba ko mai karɓar kuɗi shi ne mai taɓa abinci. Ka duba tsumman goge tebur, guda ɗaya ne ke zagaye duk ɗakin ko ana canzawa. Safar hannu kuma kada ta ruɗe ka, wanda ya sa ta tun safe yana taɓa waya da ƙofa gara mai hannu tsirara da ke wankewa.

Wasu birane sun sauƙaƙa wa mutane. A Ingila ana ba gidajen abinci maki daga 0 zuwa 5 na tsafta, a New York kuma tun 2010 ake manna harafin A ko B ko C a ƙofa. Inda akwai irin wannan, a duba.

Wani abu kuma: mutane na ɗora laifi kan abincin ƙarshe da suka ci, alhali ƙwayar cutar salmonela takan ɗauki awa 6 har zuwa kwana 6 kafin ta bayyana, kamfilobakta kuma kwana 2 zuwa 5. Sau da yawa gidan da ake zagi ba shi ne mai laifi ba.

Ummu Hanan:
Ni abin da ke hana ni manyan gidajen nan naman da suke kawowa da jini ne. Baba Kuku, me ya sa ba sa dafa shi ya nuna?

Baba Kuku:
'Yata, ba jini ba ne. Jini ya fita tun wurin yanka. Jan ruwan nan ruwan tsoka ne haɗe da wani sinadari mai suna mayogulobin, shi ke ba nama launinsa. Matakin gashi kuma da ma'aunin zafi ake sani: wajen digiri 52 a tsakiya ja ne sosai, 57 ja-ja, 63 ruwan hoda kaɗan, 71 zuwa sama ya nuna gaba ɗaya. A dunƙulallen yankan saniya ƙwayoyi a bayansa suke, kuma wutar gashi na kashe su. Amma niƙaƙƙen nama, irin na baga, an riga an cuɗa waje da ciki, don haka sai ya kai 71. Kaza kuma 74, babu ciniki. Mai juna biyu da ƙananan yara da tsofaffi su nemi wanda ya nuna.

Idan kina son nunanne ki faɗa kai tsaye, kuɗinki ne. Sai dai ki zaɓi yankan da zai jure. Tsokar da ba ta da kitse, wadda ta fi tsada, in ta kai 71 sai ta bushe ta yi tauri, kin yi asara. Ki nemi yanka mai zaren kitse a ciki, ko ki koma ga naman da aka dafa a hankali na sa'o'i kamar ƙauri ko haƙarƙari, wanda dama nunarsa ce daɗinsa. Sannan nauyin da aka rubuta, gram 250 ko 300, na ɗanye ne. Bayan gashi kusan kashi ɗaya cikin huɗu ya tafi, kada ki ce an cuce ki.

Tsohon Sabis:
Tunda an zo maganar faɗa wa ma'aikaci abin da ake so, ga yadda ake yi. Duk wata larura a faɗe ta lokacin kama tebur, a sake faɗa lokacin oda. Mai alaji kada ya ce "ba na son gyaɗa", ya ce "gyaɗa na sa ni rashin lafiya". Na farko cire ta kawai za a yi daga saman faranti. Na biyu kuwa sai an canza katako da wuƙa da kasko. Tarayyar Turai tun Disamba 2014 ta wajabta wa gidajen abinci bayyana abubuwa 14 masu tayar da alaji, Amurka kuma manya 9 take lissafawa tun da ta ƙara riɗi a 2023. Wurin da aka fi mantawa shi ne man suya: kasko ɗaya na iya soya jatan lande da dankali.

Haka mai gudun giya da alade. Tambayar "akwai alade?" ba ta isa ba. A manyan kicin ana wanke kaskon nama da ruwan inabi mai sa maye don haɗa miya, ana sa shi a wasu dahuwar shinkafa irin ta Italiya, da kayan zaƙi kamar tiramisu. Jelatin da ke daskarar da wasu kayan zaƙi sau da yawa daga fatar alade yake. Kuma zancen wai wuta na ƙone giya duka ba haka ba ne: a jadawalin ma'aikatar noma ta Amurka, bayan minti 15 na dahuwa kusan kashi 40 na nan, bayan awa biyu da rabi ma saura kashi 5. Ka tambayi abu uku: romon da me aka yi shi, akwai giya a miyar, kuma wurin gashi ɗaya ne? Sabis ɗin da ya ce "bari in tambayi kicin" ya fi wanda ya ce "babu" nan take.

Malam Akanta:
Mu dawo aljihu, domin a takardar biya ake shammatar mutane. Kafin oda a karanta ƙananan rubutun ƙasan takarda: farashin ya haɗa da haraji da kuɗin hidima ko sai an ɗora? Idan abinci 100 ne, aka ɗora hidima kashi 10, sannan haraji kashi 10 a kan jimillar, 121 za ka biya, ba 120 ba. Inda aka rubuta "farashin kasuwa" ko aka sa kuɗi a kan kowane gram 100, ka tambayi nauyin kifin da kuɗinsa gaba ɗaya kafin ya shiga wuta. A manyan gidaje kuma nama shi kaɗai yake zuwa, dankali da ganye kowanne da kuɗinsa. Abin sha shi ne inda riba ta fi kauri, kwalbar ruwa da ake ta buɗewa ba ka nema ba tana iya kai kuɗin faranti guda.

Mai son ɗanɗana babban gida ba tare da ya yi kuka ba ya je da rana a tsakiyar mako. Yawancinsu suna da tsararren abincin rana mai kashi biyu ko uku, kicin ɗaya, kuku ɗaya, a farashi ƙasa da na dare sosai.

Abban Khalil:
Tukuici fa? Wajibi ne?

Tsohon Sabis:
Ya danganta da ƙasa, yallaɓai. A Amurka kashi 15 zuwa 20 ne kuma kusan dole, domin mafi ƙarancin albashin tarayya na ma'aikacin da ke karɓar tukuici dala 2.13 ne a awa tun 1991, ko da yake jihohi da dama sun ɗaga nasu. A Faransa hidima na cikin farashi, ɗan canji kawai ake bari, kuma ruwan famfo a tulu kyauta ne ga mai cin abinci. A Landan an saba ɗora kashi 12.5 na ganin dama, kuma tun Oktoba 2024 doka ta hana mai gida taɓa shi. A Italiya akwai kuɗin zama da ake sa wa kowane kai, wannan ba tukuici ba ne. A Japan ba a bayarwa sam. Ko'ina kake, in kuɗin hidima na kan takarda ba sai ka ninka ba.

Hajiya Mai Girki:
Ni dai ban ga hikimar tukuici na kashi-kashi ba. Wanda ya ɗauko faranti mai tsada da wanda ya ɗauko mai araha tafiya ɗaya suka yi. Mai wanke tukwane kuma da ya fi kowa shan wuya ba ya ganin ko sisi sai in gidan na raba wa kowa.

Tsohon Sabis:
Ranki ya daɗe, ba tafiyar kaɗai ba ce. Sabis na babban gida dole ya haddace abin da ke cikin kowane faranti, ya san lokacin da zai ce wa kicin su ɗora na gaba ta hanyar kallon yadda tebur ke ci. In ya kira da wuri abinci ya huce a kanta, in ya makara baƙi su zauna minti 25 suna kallon juna. Amma batun mai wanke tukwane na ba ki gaskiya.

Ga masu fargabar cokula kuma, abin ba wuya. Daga waje ake farawa a shigo ciki, kowane zagaye da nasa. Farantin burodi na hagu, kofi na dama. In ka gama ka haɗa wuƙa da cokali mai yatsu wuri ɗaya a kan faranti. In ka ɗauki wanda ba shi ba ne, a kawo maka wani, ba wanda zai ce uffan. Abin da ke ɓata wa gida rai da gaske shi ne a kama tebur a ƙi zuwa ba sanarwa. Shi ya sa yanzu da yawa ke karɓar lambar kati ko kafin alƙalami, kuma ba sa riƙe tebur fiye da minti 15.

Ummu Hanan:
To taurarin nan da ake cewa gida ya samu, su ma na ƙawar gini ne?

Baba Kuku:
A'a. Kamfanin taya na Michelin ne ya fara fitar da littafin jagora ga matuƙa mota a Faransa a 1900, ya soma ba da tauraro a 1926, matakai uku kuma suka zo a 1931. Masu dubawa a ɓoye suke zuwa, su biya kuɗinsu, kuma abin da ke cikin faranti kawai suke aunawa: ingancin kaya, ƙwarewar dahuwa, haɗuwar ɗanɗano, hannun kukun, da ɗorewa a kan haka kullum. A 2016 ma rumfuna biyu na masu sayar da abinci a Singafo sun samu tauraro. Sai dai ki sani ba kowace ƙasa suke zuwa ba, don haka rashin tauraro ba ya nufin komai a mafi yawan duniya.

Na ƙarshen nan, ɗorewa, shi ne ma'aunina ga kowane gida, babba ko ƙarami. Ki ci abu ɗaya ranar Talata da rana, ki sake cinsa daren Asabar lokacin da gida ya cika. In ɗanɗano ɗaya ne, akwai tsari a kicin ɗin.

Abban Khalil:
Saura biyu in bar ku ku huta. In abinci ya zo ba daidai ba, ya ake yi? Kuma ragowa a tafi da ita ko a bari?

Tsohon Sabis:
Ka yi magana a loma ta ɗaya ko ta biyu, ba bayan ka cinye rabi ba, kuma ka faɗi takamaiman abin da ke damunka: tsakiyarsa da sanyi, gishiri ya yi yawa, ba matakin gashin da na nema ba ne. Naman da bai kai ba ana iya mayar da shi wuta, wanda ya wuce kuwa sai sabo, ka ƙara haƙurin minti 10 zuwa 15. Kazar da ke da ɗanye a jikin ƙashi a canza farantin gaba ɗaya har da shinkafar da ruwanta ya taɓa. Amma in an dafa daidai kai ne dai bai yi maka ba, ba ka bin gida bashin canji, sai dai in sun ga dama.

Duba-gari:
Ragowa kuma lissafinta daga lokacin da faranti ya sauka a tebur yake farawa, ba daga lokacin da ka tashi ba. Awa 2 ne iyaka kafin ta shiga firji, in zafin gari ya haura digiri 32 kuma awa 1. Wanda ya yi zaman awa ɗaya da rabi sannan ya bar leda a mota ya shiga kasuwa, ya zubar kawai. A firji kwana 3 zuwa 4, shinkafa gara a cinye ta washegari. A ɗumama sau ɗaya har tsakiya ta kai 74, a juya a tsakiyar ɗumamen in na'urar maikurowef ce, domin tana barin wasu wuraren da sanyi. Ɗanyen kifi da salak mai kirim kada ma a sa a ƙunshe su.